Yawan Ambato Ba Ya Zama Shaidar Gaskiya

Wata al'ada ta shigo jami'o'inmu, har ta zauna daram. Idan aka tashi yabon malami, da wuya ka ji an faɗi abin da ya gano. Sai dai ka ji ana cewa maƙalunsa kaza ne, an ambace shi sau dubu kaza. Kwamitin ƙarin girma ya zauna, a baza takardu, a yi ta lissafi kamar ana ƙirga buhunan gyaɗa a gaban sikeli. Har da wani ma'auni da ake kira ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙago a Amurka a 2005: wai idan malami yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, to, makinsa 20 ke nan. Ni kuwa na ce wannan ƙidaya makauniya ce. Hujjata kuma daga ilmin halayyar ɗan Adam zan ɗauko ta, daga reshensa mai duba dangantakar hali da lafiyar jiki, domin a can kuskuren malami yana iya cin rai.

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa wannan fanni ya san sunan Hans Eysenck. An haife shi a Jamus a 1916, ya ƙaura zuwa Ingila, ya zama shehun malami a cibiyar nazarin cututtukan ƙwaƙwalwa ta Landan, ya mutu a 1997. Littattafansa sun kai wajen 80, maƙalunsa sun haura 1,000. Wani nazari da aka buga a 2002 ya sa shi na uku a cikin masana halayyar da aka fi ambata a mujallun ilmi, Sigmund Freud da Jean Piaget kaɗai ke gabansa. Da a ce ya kawo takardunsa gaban kwamitin kowace jami'a, da tsaye za a miƙe a ba shi kujera.

To, me ke cikin takardun? A shekarun 1980 da 1990 Eysenck ya haɗa kai da wani mai bincike a birnin Heidelberg na Jamus, Ronald Grossarth-Maticek. Suka ce sun gano akwai halin da ke jawo ciwon daji, wato halin mutum mai danne damuwa a ciki, wanda ya sallama wa baƙin ciki. Akwai kuma halin fushi da ƙuna mai jawo ciwon zuciya. A cikin mutum 3,235 da suka ce an bi sawunsu, wai kashi 38.5 cikin ɗari na masu halin farko ciwon daji ne ya kashe su, alhali a cikin masu lafiyayyen hali kashi 0.3 ne kawai. Wato haɗarin ya ninka kusan sau 121! Jama'a, taba sigari kanta, wadda Richard Doll da Bradford Hill suka nuna tun 1950 tana haddasa ciwon daji na huhu, tana ninka haɗarin ne kamar sau 15 zuwa 30.

Ba su tsaya nan ba. Suka ce sun ɗauki mutum 100 masu wancan hali, rabi aka yi musu magani na zama da ba da shawara, rabi aka ƙyale su. Bayan shekara 13, wai 16 daga cikin 50 ɗin da aka ƙyale ciwon daji ya kashe su, amma ko mutum ɗaya bai kashe ba a cikin waɗanda aka yi wa shawara. Da wannan gaskiya ne, ai da an rufe rabin asibitocin ciwon daji na duniya an mai da su zaurukan hira.

Akwai waɗanda suka karanta, suka ce da walakin. A 1992 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Anthony Pelosi da Louis Appleby, suka rubuta a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya cewa waɗannan alƙaluma ba sa shiga hankali. A 1995 Pelosi ya kai kuka ga ƙungiyar masana halayya ta ƙasar, ba ta bincika ba. Manfred Amelang da abokan aikinsa suka sake gwada abin a Heidelberg ɗin, ba su sami irin wannan sakamako ba. Takardun kamfanonin taba da shari'o'in Amurka suka tono kuma sun nuna Eysenck ya daɗe yana karɓar kuɗin bincike daga hannunsu, shi da ya yi shekaru yana jayayya a kan cewa taba ce ke haddasa ciwon. Duk da haka suna ya yi ta kare mai shi. Sai a 2019, bayan Pelosi ya sake tayar da maganar a Journal of Health Psychology, editanta David Marks ya mara masa baya, sannan King's College ta Landan ta kafa kwamiti. Kwamitin ya yanke cewa maƙalu 26 ba abin dogaro ba ne. A 2020 mujallu suka janye 14, suka liƙa gargaɗi a kan wasu da dama. Grossarth-Maticek ya musanta zargin, Eysenck kuwa ya riga ya yi shekara 22 a ƙasa kafin hukuncin.

Ku lissafa: daga 1992 zuwa 2019 shekara 27 ke nan. A duk tsawon wannan lokaci ƙidayar ambato hawa take yi. Abin dariya ma, duk lokacin da Pelosi ya ambaci maƙalar Eysenck don ya ƙaryata ta, maki ɗaya ya ƙara masa, domin kwamfuta ba ta bambanta mai yabo da mai tonon asiri. Ba ta kuma san cewa wasu daga cikin maƙalun sun fito ne a mujallun da Eysenck da kansa ya kafa ba. Haka maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwa ta yara: an janye ta a 2010, amma tana cikin maƙalun da aka ambata fiye da sau dubu. Ambato yana auna yawan surutun da aka yi a kan aiki ne kurum.

Wa ya biya kuɗin wannan sakaci? Maras lafiya. Mace tana kwance da ciwon nono, a ce mata halinta ne ya jawo mata, ta haɗa ciwo da zargin kai. Mashayin taba ya ji shehun malami ya ce matsalar tana ga hali, ya ƙara kunna wani karan da kwanciyar hankali.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce. Za su ce gara ƙidaya da son kai, domin lamba ba ta da ɗan'uwa, ba ta da ɗan gari, ba ta san wanda ya gai da shugaban sashe da safe ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Za su kuma ce Eysenck ya yi aikin ƙwarai a wasu wurare, kamar maƙalarsa ta 1952 da ta tilasta wa masu maganin shawara su kawo hujjar cewa maganinsu yana aiki. Haka ne. Amma wannan ma hujjata yake ƙarfafawa: ƙidaya ta zuba tsaba da tsakuwa a buhu ɗaya, ta ɗaure baki, ta rubuta nauyi. Karatu kaɗai ya rarrabe su. Lamba kuwa ana iya sayen ta. Akwai mujallun da ke buga ko mene ne muddin an biya, akwai abokan da ke ambaton juna kamar adashi, akwai mai yayyanka bincike ɗaya ya fitar da maƙala biyar. Duk abin da aka mai da shi tsanin ƙarin girma, sai an sami mai sassaƙa na jabu. Shi ya sa a 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwar neman a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa, a bar dogaro da martabar mujallar da ta buga shi.

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. Kwamiti ya ce wa mai neman ƙarin girma ya zaɓo maƙalu uku ko biyar da ya fi alfahari da su, a ba masana na waje su karanta su daga farko har ƙarshe. A tambaye shi ina ɗanyen bayanan da ya tattara, wa ya ba da kuɗin aikin, kuma ko wani ya maimaita gwajin ya sami abin da ya samu. Wanda ya gano kuskure a aikin wani babba, a lissafa masa shi a matsayin aiki, kada a kira shi maras kunya.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, kada ku cusa sunan da ba ku karanta aikinsa ba don kawai kowa yana cusa shi. Ta haka ƙidayar take kumbura. Idan kuka ga sakamakon da ya yi kyau fiye da kima, ku tsaya ku tambaya, ko da mai shi ya fi ku furfura da yawan littattafai. Gani ya kori ji. Shawara dai ta rage ga mai shiga rijiya.