Littafin Soyayyar da Ya Fara Daga Inda Wasu Ke Ƙarewa

A makon jiya wani ɗan kasuwa ya kawo mini littafin da ya tsinta a ɗakin 'yarsa, yana neman fatawar ƙone shi. Na ce ya ba ni kwana uku, domin bai kamata malami ya yanke hukunci a kan abin da bai karanta ba. Littafin kuwa shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya a 2012.

Masu karatu sun san yadda aka saba gina irin waɗannan labarai: saurayi talaka, budurwa kyakkyawa, attajiri ya shiga tsakani, a sha wuya, daga bisani a ɗaura aure, shi ke nan labari ya ƙare. To, wannan marubuciya ta fara ne daga inda sauran suke ƙarewa. Tauraruwarta, Rabi, uwa ce mai 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai hali, yake ƙuntata mata wajen cefane alhali yana ɓarnar dukiya a waje. Da ya auro Delu sai ya saki Rabi, ya kore ta tare da 'ya'yan, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. Sai da gobara ta cinye dukiyarsa sannan ya tuna da ita, dangi kuma suka matsa mata ta koma, ta koma ba da son ranta ba.

Da na gama karantawa sai na ga kamar babin ciyarwa ne na littattafan fiƙihu aka sa wa mutanensa sunaye. A mazhabarmu ta Malikiyya saki ba ya ɗauke wa uba ciyar da 'ya'yansa: namiji har ya balaga yana iya nema, mace har mijinta ya tare da ita. Riƙon yara na uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, amma ci da sha da tufafinsu suna wuyan uba. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta tana cikin idda. Mu nawa ne muke kiyaye wannan? Buhari ya ruwaito cewa Hindu, matar Abu Sufyan, ta kai ƙarar rowar mijinta, Annabi (SAW) ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada.

Game da tilasta mace komawa kuwa, mu tuna da Barira. Bayan an 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, shi kuwa ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka. Annabi (SAW) ya sa baki, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ƙi komawa, bai kuwa zarge ta ba. Don haka idan idda ta cika, ba wa, ba kawu, ba suruki da yake da ikon mayar da mace sai da yardarta, da sabon ɗaurin aure, da sabon sadaki.

Ban ce duk littattafan soyayya tsarkakakku ne ba. Akwai masu ƙawata keɓewar saurayi da budurwa, akwai masu batsa, kuma wajibi ne uba ya san abin da 'ya'yansa suke karantawa. Amma a 2007 an ƙone irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano, rubutun kuwa bai tsaya ba, haka ma yawan sakin da ya haife shi. Wanda ya ga baƙi a fuskarsa, ruwa ya kamata ya nema, fasa madubi ba zai wanke shi ba.

Saboda haka na mayar wa mutumin nan littafin, na ce masa: "Alhaji, kai ya fi kamata ka karanta shi kafin 'yarka." Haka nake faɗa wa ɗan kasuwar da ciniki ya buɗe masa, da ma'aikacin da aka ƙara wa girma, wanda tunaninsa na farko shi ne lefen amarya. Ƙarin aure halal ne, amma da sharaɗin adalci. Kafin ka aika da goro wani gida, duba tukunyar uwargida da kuɗin makarantar yaranta, domin hakkinsu bashi ne da za a tambaye ka ranar da ba kasuwa, ba ofis.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin iyalanmu, amin. Wassalamu alaikum, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.