Saye Ne Ko Haya? Tsokaci Kan Cinikin Wasannin Bidiyo

Bahaushe ya san ƙa'idar ciniki tun kafin a ƙago kwamfuta. Idan mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya ƙirga kuɗi ya miƙa, magana ta ƙare: in ya so ya more kayansa, in ya so ya kyautar, in babu ta matsa masa ya kai su gwanjo. Wannan ƙa'ida ce kamfanonin wasannin bidiyo suke neman binnewa, mu kuwa muna yi musu tafi don sun yi mana ragi.

Shekara da shekaru babban sabon wasa dala 60 yake a Amurka. Da PlayStation 5 ta fito a 2020 sai ya soma komawa dala 70, a 2025 kuma Nintendo ta sa wa Mario Kart World dala 80. Mai karatu ya juya wannan zuwa naira da kansa, ba ma so mu ɓata masa rai. Duk da haka tsadar faifai da sauƙi, domin faifai kadara ce. Ɗalibin da ya gama wasansa yakan sayar wa abokinsa, ko ya yi musaya a shagunan Ikeja, ya mai da wani abu aljihu, mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu shiga.

Sai aka ce mu huta da faifai, mu sauke wasa ta intanet, ga ragin rabin kuɗi ko fiye a kasuwanni irin su Steam. To, a nan gizo ke saƙa. Abin da muka biya wa kuɗi izinin amfani ne kawai, wanda ba a sayarwa, ba a gado. Idan kuma babu kasuwar gwanjo, wa zai ja da farashin kamfani? Shi ke zaɓar ranar ragi, shi ke janye shi.

A 2013 Microsoft ta yi yunƙurin taƙaita cinikin tsofaffin faifai a Xbox One, jama'a suka yi ca, ta janye ba shiri. Abin da ƙarfi ya kasa sai aka bi shi da lallashi: PlayStation 5 marar gurbin faifai ta zo da rangwamen dala 100 a 2020. A 2024 Ubisoft ta rufe wasan The Crew, har mai riƙe da faifai ya wayi gari da hoto. A Faransa wata kotu ta yanke a 2019 cewa masu amfani da Steam suna da ikon sake sayar da wasanninsu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022.

Hujjarsu ita ce ƙirƙirar wasa tana cin maƙudan kuɗi, kuma ba sa samun ko anini daga gwanjo. Mun ji. Amma yaushe magini ya taɓa neman kaso don an sake sayar da gidan da ya gina? Mawallafin littafi ma bai bi ɗalibi kasuwa ba.

Ba mu hana su bayar da haya ba. Su dai kira ta da sunanta, su sa mata kuɗin haya. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2024 wadda ta tilasta wa masu irin wannan ciniki su bayyana wa mai biya cewa izini ya karɓa. Muna kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarmu da ta duba wannan doka.