Jaki Kafin Doki

Ya 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina roƙon a ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina game da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda mu ke sakar wa ƙananan yara babur a cikin garin nan na Bauchi.

Ga mafarin maganar. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, sai aka ba ni aji biyar a wata makaranta ta cikin gari. A cikin ajin akwai wani yaro wanda bai wuce shekara 11 ba, ga kai, ga ladabi. Ran nan Litinin na kira sunansa, shiru. Yara suka ce, "Malam, ai ya karye." Ashe ran Asabar wansa ya aike shi niƙa bisa babur. Ya zo wajen Wunti sai akuya ta gitta, ya taka birki, ya nemi ƙasa da ƙafa bai same ta ba, babur kuwa ya kwanta masa bisa ƙauri. Da na je dubiya na tarar mai ɗori ya gama aikinsa, uwa tana hawaye, uba yana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, ban musa ba. Amma har muka gama gwajin yaron nan bai komo aji ba, jarrabawa ma ta wuce shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da uban ya ce mini, "Malam, ai ya iya, tun bara ya ke hawa." To, ya iya me? Murɗa totur ba shi ne iyawa ba, kowane yaro zai koyi wannan a yini guda. Babur irin Bajaj Boxer da a ke aiken yara da shi nauyinsa ya haura kilo 100, ɗan shekara 11 kuwa da ƙyar ya kai sulusin haka. Muddin yana tafiya babu komai, gudu ne ke riƙe da shi. Ranar da aka ce a tsaya farat ɗaya, ran nan a ke sanin wa ke ɗauke da wani.

Doka dai tana nan, ba a ba mutum lasin sai ya cika shekara 18. Sai dai mun san yadda mu ke yi da doka. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano a farkon 2009, ai har ƙwarya waɗansu suka riƙa kifawa a ka, aka yi ta dariya.

Kakanninmu sun fi mu dabara wajen nan. Ba su taɓa hana yaro sha'awar hawa ba, don sun san ba ta hanuwa. Jaki ya kan fara da shi, a hanyar gona, in ya faɗo ƙasa na kusa, ya karkaɗe riga ya sāke hawa. Ko yau ku duba a Hawan Daushe, in an ɗora yaro bisa doki za ku ga babba a ƙasa yana riƙe da linzami, ba ya barinsa ko taki ɗaya.

Masu ƙera babura ma sun yi wannan tunani. Kamfanin Yamaha na Japan yana da wani ɗan ƙarami mai suna PW50, injinsa si-si 50, nauyinsa kilo 40 da 'yan kai, yaro na zaune ƙafafunsa duka biyu na ƙasa. Ba shi da kuloci, ba a sa masa giya. Akwai kuma wani ɗan noti jikin totur wanda uba zai ɗaure, komai murɗawar yaro ba ya wuce gudun da aka yanka masa, sai an ga hannunsa ya faɗa a ɗan sassauta. Ba a yi shi don kwalta ba, na fili ne, a hau da hular kwano da takalmi, babba na tsaye. Watau dai jakinsu ke nan.

Na san wani zai ce, "Kai Malam, ana fama da kuɗin masara wa zai sayo wa yaro babur na wasa?" Gaskiyarsa. Ni ma ban ce a sayo ba. Hasali ma in mai hali ya sayo ya saki ɗansa da shi a titin unguwa, gara ma bai sayo ba, gama abin gajere ne ƙwarai, direba ba ya ganinsa sai ya zo kansa. Abin da na ke so mu ɗauka shi ne dabarar: abin hawa daidai tsawon yaro, nesa da mota, ga kuma mai koya masa. Jakin talaka a yau keke ne. Wanda ya shekara biyu bisa keke ya san birki, ya san waiwaye kafin ya karya kwana, ya kuma sha faɗuwar da ba ta kai shi ga ɗori ba.

Nan ne aikin ya zo kanmu, mu da za mu riƙe aji gobe. Kowace makaranta tana da fili, akwai kuma lokacin wasanni da a kan ɓata wajen guje-guje ba kan gado. Me zai hana a zana hanya da toka, a kafa duwatsu, a koya wa yara tsayawa da ba da hannu? In an zo taron iyaye kuma mu buɗe baki mu ce a daina aiken ɗan firamare bisa babur, ko da za a ce mun cika shisshigi. Ni kaina na ga yaron nan yana zuwa makaranta da babur ɗin sau biyu, na yi shiru, ina ganin ni baƙo ne. Shirun nan yana damuna har yanzu.

Na kai maganar gun malaminmu na wasanni. Ya ce in an sami kekuna uku zai yarda mu fara gwadawa a filin kwaleji ran Alhamis da la'asar, mu koyi yadda za mu koyar. Nawa yana nan, ko da ya ke birkin baya sai an gyara. Saura biyu.