Wasiƙa Zuwa Ga Telolin Gazawa, Agye Da Gidan Rumji: Maganar Turkuɗi

Ya ku iyayenmu da yayyenmu masu keken ɗinki, maza da mata, 

Akwai wani ƙyalle da tela yakan karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya dubi yatsunsa sun yi shuɗi, sai ya mayar wa mai shi yana ba shi haƙuri. Turkuɗi ke nan, wanda Buzaye ke kira alasho, mu kuma in rawani ne muka ce ɗan Kura. Yana zuba, ba ya son ruwa, ba ya son gumi, ga tauri kamar takarda. Mai wannan wasiƙa bai ga laifin telan da ya ji tsoronsa ba. Abin da ke damunsa shi ne, wannan tsoron ya sa turkuɗi ya koma kwanciya a gindin akwati, sai ran hawan salla ko naɗin sarauta a tuna da shi.

Alhali ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya taso daga Tasawa ya yada zango a Gazawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Da ya isa Kano, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can suke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus, kuma turkuɗi na cikin waɗanda ya ambata. Hanyar da ta kawo Barth ita ce fatake suke bi a wancan zamani su haura da kayan zuwa Agadas.

Kafin tela ya sa almakashi, ya kamata ya san abin da ke gabansa. A Kura, kudu da birnin Kano, ake yin mafi shahararsa. Masaƙa suna saƙa ziri siriri, wanda faɗinsa bai wuce yatsa ɗaya ko biyu ba, a harhaɗa su da ɗinki, a kai marina a tsoma cikin baba sau da yawa har ya kusa zama baƙi. Daga nan sai mabuga su ɗora shi a kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta bugu har ya ɗauki wannan ƙyalli mai kama da ƙarfe. Wato ƙyallin a saman ƙyallen yake zaune, bai shiga cikin zare ba. Shi ya sa yake bin fata, shi ya sa wanki ɗaya yake kashe shi. Buzu yana ɗaukar shuɗin da ya hau masa kumatu a matsayin ado. Amma malamar makaranta a Agye da za ta je biki da farin leshi ba haka za ta ɗauka ba, kuma tana da gaskiya.

To, ina mafita? A daina yi masa kallon shadda. Wanda ya yanka riga sukutum da shi ya jawo wa mai ita wahala. Kaɗan ake sa shi, a wurin da ba ya goguwa, kuma a yi shi yadda za a iya cire shi ranar wanki.

Falmaran ita ce ta fi dacewa da shi ga maza. A yi mata shafi da baƙin yadi ko shuɗi mai duhu, a naɗe bakin wuya da hammata da wani ƙyallen daban don kada turkuɗin ya taɓa rigar ciki. Falmaran guda sai ta hau kaftani mai ruwan toka ranar Juma'a, ta hau baƙar jallabiya da daddare, saurayi kuma ya ɗora ta a kan wandon jins. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne, domin jins ma launin baba ne, sai dai na masana'anta, irin wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. Yaran da suka yarda sabon jins ya ɓata musu farin takalmi ba su da hujjar ƙin turkuɗi.

Ga mata kuwa filin ya fi faɗi. Ziri biyu ko uku a bakin baƙin mayafi sun isa su canza shi gaba ɗaya. Ana iya yin ƙirjin riga daban, mai maɓalli ta ciki, yau a maƙala shi a doguwar riga mai ruwan makuba, gobe a kan atamfa mai duhu. Ɗankwali ma yana yiwuwa, muddin akwai hula a ƙarƙashi. In mai kaya ta dage sai da fari, a raba su: farin a sama, turkuɗin a gefen zane can ƙasa, da dajiya ta baƙin yadi a tsakani. Tela mai aboki baduku ya gwada haɗa guntun da ya rage da fatar jar akuyar Maraɗi a yi jakar hannu. Ja da wannan shuɗin sun san juna tun a sirdin doki.

Shi kansa ɗinkin yana da ƙa'ida. A bi layin ziri wajen yanka, domin yankan karkace yana sa shi warwarewa. Allura siririya, taku mai ɗan tsawo, kuma kada a yi ɗinkin da za a farke, don ramin allura ba ya ɓacewa a jikinsa. A shimfiɗa takarda a kan teburin keke, in an gama a goge keken da tsumma sosai kafin a ɗora farar shaddar wani. Dutsen guga mai tururi ko yayyafin ruwa haramiyarsa ne. In ya yamutse, a danne shi ƙarƙashin abu mai nauyi ya kwana.

Wani zai ce wannan aikin manyan birane ne. Amma lokacin da mai tsara tufafi Alphadi ya buɗe bikin nuna tufafi na FIMA a 1998, ba a Faransa ya yi shi ba, a hamadar Tigidit ta ƙasar Agadas ya tara duniya ta kalli ɗinkin Afirka. Shagunanku kuwa suna bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Damagaram. Abin da kuka rataye a ƙofa, matafiya ne ke ganinsa kullum.

Saura gaskiya tsakaninku da mai kaya. A gaya masa tun kafin a karɓi kuɗin ɗinki cewa wannan tufa ta lokacin ɗari ce, ba ta zafin bazara ba, ba ta damina ba. Ba a wanke ta, sai dai a shanya ta a inuwa ta sha iska. In an cire, a naɗe ta cikin takarda kamar yadda aka sayo ta, a ajiye ta ita kaɗai, nesa da fararen kayan salla.

Wassalam, daga ɗanku mai ƙaunar sana'arku.