Santabol da Yubol: Gyaran da Ake Tsayawa Rabinsa a Garejojin Zariya

Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar kaka, titin da ya taso daga Giwa ya ratsa Shika da Samaru ya nufi Kwangila ba ya rabuwa da motocin da ke tafiyar ƙaguwa. Gaban motar yana kallon hanya, bayanta kuwa ya goce gefe guda, direba ya riƙe sitiyari a karkace don ta tafi daidai. Galibinsu akori-kura ne da kanta da Hilux waɗanda suka fito daga ƙauye da buhunan masara. Idan aka tambayi bakanike a Sabon Gari dalilin hakan, amsar da ya fi bayarwa ita ce santabol ya karye. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta kai ƙarshen zancen ba, kuma tsayawa a kanta ne ke sa mota guda ta koma gareji da ciwo guda sau biyu ko uku a shekara.

Motocin da aka ƙera don kaya da hanyar burji, irin su Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da Hiace da tsohuwar Peugeot 504 akori-kura, suna zaune ne ta baya a kan sifirin mai fallaye. Fallayen ƙarfe ne dogaye masu lanƙwasa, an jera su wani kan wani, na sama ya fi tsawo, kuma bakinsa biyu na maƙale da casis. A tsakiyar kowane falle akwai huda, ta nan ake zura wata siririyar kusa da ta haɗe su duka, wadda a ƙananan motoci kaurinta bai fi na ɗan yatsa ba. Ita ce santabol. Kanta mulmulalle ne, kuma yana shiga wani ɗan rami da aka yi masa a mazaunin sifirin da ke jikin aksil. Aikinta biyu ne: ta tsare fallayen kada su warwatse, ta kuma nuna wa aksil gurbin da zai zauna.

Ɗaukar nauyi ba ya cikin aikinta. Wannan na yubol ne, wato kusoshin nan biyu masu siffar ƙugiya da ke rungume aksil da sifirin su matse su da noti huɗu. Idan yubol ya matsu yadda ya kamata, fallaye da aksil sukan zama kamar ƙarfe guda, kuma duk tunkuɗar da ke zuwa daga birki da tashin mota da faɗawa rami matsin ne ke shanye ta. Santabol na zaune a tsakiya ba abin da ya taɓa shi. Ranar da matsin ya ragu, aksil ya samu sararin motsi gaba da baya, sai duk wannan ƙarfi ya koma kan kusar da ba a yi ta dominsa ba. Fallayen su riƙa yankan ta kamar almakashi, kullum kaɗan kaɗan, har ta tsinke. Saboda haka karyewar santabol, a mafi yawan lokuta, labari ne da ke cewa yubol ya daɗe da sakewa. Wanda ya sauya kusar ya mayar da tsohon yubol yadda ya same shi ya bar jaki yana dukan taiki.

Hanyoyin ƙasar Zazzau suna gaggauta wannan sakewa. Gargadar da ke kan hanyoyin burji na Giwa da Kudan da Soba tana jijjiga noti dare da rana. Laka da ruwan damina suna shiga tsakanin fallaye su yi tsatsa, tsatsar ta marmashe ta zube, kaurin sifirin ya ragu, matsin ya tafi ko da notin bai juya ba. Sai kuma lodi. An ƙera Hilux don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu goma na kilo 100, amma a lokacin kaka ba wuya a ga an ɗora fiye da haka, har da fasinjoji a saman kayan. Wata al'ada kuma ita ce ƙara falle ɗaya ko biyu don motar ta jure lodi. Yin hakan na buƙatar santabol da yubol masu ƙarin tsawo, kuma sabon falle yakan kwanta bayan 'yan kwanaki ya bar rata, wadda in ba a sake matsewa ba ita ce mafarin matsalar.

Ƙaramin lissafi ya isa ya nuna abin da ke biyo baya. A ce tazarar da ke tsakanin sifirin dama da na hagu mita ɗaya ce, tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma mita uku. Idan aksil ya zame baya da santimita 2 ta gefe guda, bayan motar zai goce daga layin gabanta da kimanin santimita 6. Da wannan kaɗai taya za ta fara cinyewa ta gefe, mai ya ƙara tafiya, motar ta riƙa fizga idan an taka birki. In zamewar ta ci gaba, taya ta goga jikin bodi, tiyon man birki ya miƙe har ya iya tsinkewa, furofela kuma ta zare daga gurbinta. Hudar da ke tsakiyar falle ita ce wuri mafi rauni a jikinsa, kuma matsin yubol ne ke hana wurin lanƙwasa. Idan matsin ya tafi, babban fallen ma yakan tsage ta nan. A hanyar gona, abin da zai faru shi ne a kwana a daji da kaya. A babban titin Zariya zuwa Funtuwa, cikin gudu, tsakanin tireloli, maganar ta rai ce.

Gyaran da aka saba yi yana da siffa sananniya. A ɗaga mota da jak, a kwance yubol, a buge guntun kusar, a aiki yaro ya nemo wata mai kama da ita. Idan ba a samu ta ainihi ba, a ɗauki kusar da ke hannu a wasa kanta a injin har ta shiga ramin, wani lokaci ma a yanko rodi a ɗiga masa walda. Daga nan a mayar da tsohon yubol, a zura bututu a hannun sufana a danna har sai mai dannawa ya gamsu. Kowane mataki a nan yana da illarsa. Lambar da ke kan kusa ba ado ba ce: 8.8 na nufin ƙarfen zai jure ja har megafaskal 800 kafin ya tsinke, 10.9 ya kai 1,000, shi kuwa 4.6, wanda ake haɗa ƙofa da shi, 400 kacal. Rodin gini ba shi da wata lamba da za a dogara da ita, zafin walda kuma yana kashe taurin ƙarfen sifirin idan ya taɓa shi. Yubol da aka taɓa matsewa ya riga ya miƙe, zarensa ya murɗe ya yi tsatsa, don haka sufana za ta yi tauri a hannu tun kafin matsin ya kai. Dalili ke nan da masu ƙera sifirin ke gargaɗin kada a sake amfani da shi.

Gyaran da ya cika bai fi ƙarfin garejin bakin titi ba. A tokare casis da abin da ba zai goce ba, a tallafi aksil daban. A kama fallayen da matsi ta gaba da bayan huda kafin a taɓa kusar, domin sifirin da aka saki ba shiri yana iya karya hannu. A buɗe fallayen a kankare tsatsa da ƙasa, a duba ko akwai wanda ya tsage ko hudarsa ta buɗe, a duba ramin mazaunin ko ya zama tsigo. Matsin ne zai haɗa fallayen, sannan a zura sabuwar kusa a ɗaure ta; idan aka ja su da notinta, an raunana ta tun ba ta fara aiki ba. A tabbatar kanta ya faɗa raminsa, a sa sabon yubol da sabbin noti, a ɗaure su a gicciye, kaɗan kaɗan, da sufana mai ma'auni, zuwa adadin da littafin motar ya faɗa. A ƙarshe a auna tazarar tayar gaba da ta baya dama da hagu, a kuma sa wa mai motar ranar da zai dawo a sake matsewa bayan ta yi 'yan tafiye-tafiye da kaya.

Ɗora wa bakanike laifin barin duk wannan abu ne mai sauƙi, amma ba adalci ba ne. Sabon Gari ta ginu ne a gefen layin dogon da ya iso Zariya a 1911, kuma tun lokacin gari ne na masu aikin ƙarfe. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, garejojin yankin sun tarbiyyantar da mutanen da ke iya gane ciwon mota daga ƙararta. Yawancinsu sun san yubol na bukatar sauyi. Abin da suka kuma sani shi ne mai mota zai ce tsohon ai lafiyarsa ƙalau, ya zargi mai gyara da neman cin kuɗinsa, gobe ya koma wurin wanda bai kawo maganar ba. Kasuwa ce ta koya wa gareji yin rabin aiki, kuma masu biyan kuɗin ne kasuwar. Cikinsu akwai malamin jami'a da ke noma a bayan Bomo, da likitan da ya sayi akori-kura ya ba direba haya, da jami'in sufuri da ke sa hannu a takardar gyara. Mutum ne da ba zai yarda a ba shi rabin maganin da likita ya rubuta ba, amma zai tsaya ciniki a kan noti huɗu.

Akwai hujjoji biyu da masu kare tsohon yubol ke kawowa, kuma dukansu suna da nauyi. Ta farko ita ce jabun kaya. Sabon yubol da ke kan kanta yana iya zama ƙarfe mai laushi da aka yi wa fenti, har tsohon da ya zo da motar daga kamfani ya fi shi aminci. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke sa mutane da dama suka fi son ɗan Kwatano. Amma abin da hujjar ke nunawa shi ne a nemi na ƙwarai a wurin dilan da zai karɓi kayansa in ya gaza, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta ɗauki ƙananan kusoshin ƙarƙashin mota da muhimmancin da take bai wa taya. Hujja ta biyu ita ce larura. Motar da ta tsaya a bakin fadama da tumatir a bayanta ba za ta jira kayan ainihi ba, kuma wanda ya wasa kusa ya fito da ita ya yi abin a yaba. Matsalar tana farawa ne idan motar ta iso gari aka bar kusar larurar a jikinta har kaka ta zagayo.

Samaru na da abin da zai iya sauya wannan al'ada ba tare da wata sabuwar doka ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tushenta ya koma 1922, da cibiyar yaɗa dabarun noma ta NAERLS, da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, duk ayyukansu na kai motoci gonaki da ƙauyuka, haka ma ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke aikin lafiya a karkara. Duk ma'aikatar da ke da irin waɗannan motoci za ta iya rubuta sharaɗi guda a takardar ba da aiki: ba a biyan kuɗin santabol sai tare da sabon yubol, da adadin matsin da aka ɗaure shi, da ranar dawowa. Garejin da ke son wannan ciniki zai sayi sufana mai ma'auni, kuma da zarar ta shiga akwatin kayan aiki, manomin da ya kawo tasa motar shi ma zai amfana. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke hanyar Basawa, wadda aka kafa a 1986, tare da ƙungiyar makanikai ta NATA, za su iya shirya horon yini guda a kan ɗaurin ƙarƙashin mota ga yaran gareji. Jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA kuwa ba su bukatar na'ura don gane motar da ke tafiya a karkace, ido ya isa, kuma tura ta gareji ya fi amfani a kan tarar da za ta biya ta ci gaba da tafiya a haka.

Ga mai mota ɗaya tak, abin da ake nema bai fi tambayoyi uku a bakin gareji ba: wace lamba ce a kan kusar, an sauya yubol, kuma yaushe za a dawo a sake matsewa. Kuɗin yubol biyu da noti huɗu bai kai na taya guda ba, tayar kuwa ita ce abu na farko da aksil karkatacce ke cinyewa. Lokacin da ya fi dacewa a yi waɗannan tambayoyi shi ne watan Satumba, kafin a fara kwaso masara, sa'ad da ruwa ya gama aikinsa a tsakanin fallaye kuma lodi bai fara nasa ba.