Sashe na 20: Alkawarin da Ba Ya Zuwa Kotu

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar tana sauka a kan abinci da shimfiɗa. Sai a 2013 aka soma kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega. Tambayata ita ce: uwar da ta binne ɗanta a cikin waɗannan shekaru uku, wace kotu za ta je ta tilasta wa gwamnati yin aikinta?

Masana doka za su karanto mata ƙa'idoji masu daɗin ji. Akwai ƙa'idar rigakafi, wadda Sanarwar Riyo ta 1992 ta tanada: rashin cikakkiyar hujjar kimiyya ba uzuri ba ne na jinkirta kare muhalli daga mummunar ɓarna. Akwai kuma ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. To, a Bagega da dukiyar al'umma aka biya, dillalan da suka ci ribar zinariyar kuwa sun yi gaba.

Babbar yaudarar tana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Amma an ajiye shi a Babi na 2, sashe na 6(6)(c) kuma ya hana kotu bincikar ko an cika abin da ke wannan babi. Wato an ba talaka da hannun dama, an karɓe da hagu.

Na san abin da masu kare wannan tsari ke cewa: in aka buɗe ƙofa, ƙararraki za su yi wa kotuna ambaliya. Ban yarda ba. A 2018 Kotun Ƙoli ta sassauta sharaɗin hurumin shigar da ƙara, ta amince ƙungiya mai zaman kanta ta kai kamfanin mai na ƙasa gaban shari'a kan malalar mai a Jihar Abiya, ta kuma dogara da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi. Kotuna ba su rushe ba.

Sai dai hukuncin alƙali wani alƙalin na iya taƙaita shi gobe. Don haka nake kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ta mayar da haƙƙin samun tsabtataccen muhalli cikin Babi na 4, kusa da haƙƙin rayuwa, inda kowane ɗan ƙasa zai iya neman haƙƙinsa a Babbar Kotu. A kuma fassara waɗannan ƙa'idoji da Hausa, a karanta su a rediyo, domin mutumin Bagega ya san sunan abin da ake bin sa bashi, ya kuma san inda zai je ya karɓa.