Sikelin Filin Jirgi Ba Ya Jin Ciniki

Yau zancen kaya za mu yi, amma irin kayan da ba kasafai ake ganinsu a rumfunanmu ba, wato kayan nutso, waɗanda mutum ke sakawa ya shiga ƙarƙashin ruwa ya daɗe yana numfashi. Kada wani ya ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan. Mu da ke zaune a garuruwan bakin teku irin su Tema da Lome da Kwatano da Duwala mun san akwai masu cin abinci da nutso: masu duba ƙasan jiragen ruwa, masu gyara a tasha, masu ciro abin da ya nutse. Da sun ji za ka Dubai ko Cana, sai su kawo maka sautu. Ga kuma samarinmu da ke zuwa Misira su koyi nutso a Bahar Maliya. Ni kaina sau biyu ana ba ni irin wannan sautu, kuma abin da na koya a kansa ya shafi kowane irin kaya.

Abu na farko, ka san abin da tikitinka ya ba ka tun kafin ka karɓi sautun kowa. Kamfanonin jirgi tsari biyu suke bi. Wasu jaka suke ƙirgawa, su ce jaka ɗaya ko biyu, kowace kada ta wuce kilo 23. Wasu kuma jimilla suke ba ka, a ce kilo 30 ko 40, ka raba yadda kake so. A tsarin ƙirga jaka, in ɗaya ta yi kilo 27 ɗaya ta yi 19, ba ruwansu da cewa jimillar 46 ce, mai nauyin za a caje ka a kanta. Sannan yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaka guda da ta haura kilo 32 ko nawa za ka biya, saboda bayin Allah masu ɗaga kayan. Jakar hannu kuwa kilo 7 zuwa 8 ce a mafi yawansu. In tafiyar da canjin jirgi, ka tambaya dokar wane kamfani ce za ta yi aiki a kan kayanka, don nan ne mutane da yawa ke shan mamaki.

To yanzu mu auna kayan nutson. Akwai tabarau, akwai takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, akwai rigar roba, akwai falmaran da ake hura wa iska, akwai rigileta da ake shaƙar iska da ita. Waɗannan kaɗai sukan kai kilo 10 zuwa 15, ka ga kusan rabin jaka ko fiye ta tafi. Tukunyar iska ta alminiyam, mai lita 11, tana da wajen kilo 14 ko babu komai a cikinta. Ga dalma da ake ɗaurawa a ƙugu don mutum ya nutse, ita ma kilo 4 zuwa 8. In ka haɗa duka, kayan mutum ɗaya sun cinye maka wurin atamfa da turaren da ka je dominsu.

Shi ya sa dokata ɗaya ce: mai nauyi mai araha ba ya hawa jirgin sama. Dalma ana samunta ko'ina, kuma duk wurin da ake koyar da nutso suna ba da hayar tukunya da dalma. Idan oda ce ta tukwane da yawa, a ba 'yan kago ko a sa a kwantena. Mara nauyi mai tsada kuwa, kamar rigileta da 'yar kwamfutar nan da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo, a jakar hannu suke zama, kusa da kai.

In dole sai an tafi da tukunya, to a sani cikakkiya ba ta hawa jirgi. Iskar da ke cikinta ta kai ba 200, kusan ninki ɗari na ta tayar mota. Sai an juye ta tas, kuma a filaye da yawa sai an kwance kan tukunyar gaba ɗaya don jami'in tsaro ya leƙa ciki. Nan zan ja kunnen 'yan uwa da babbar murya. Tukunya rufaffiyar aba ce, kuma duk abin da aka samu a cikinta naka ne, don sunanka ne a jikin jakar. Ko ɗan uwanka ne na jini ya ba ka, ka ce a buɗe a gabanka ka gani da idonka. Jin kunyar minti biyu ya fi zaman kurkuku a ƙasar da ba ka da kowa. Mai gaskiya ba ya fushi don an ce a buɗe kayansa.

Sai batun batir. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura, har da fawa bank, ba ya shiga jakar da za a sa a cikin jirgi ta ƙasa, a hannunka zai zauna, a naɗe bakinsa da salatif. Mai ƙarfin da bai wuce Wh 100 ba babu matsala. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma biyu kacal. Lambar tana rubuce a jikin batirin. Tocilar nutso tana yin zafi sosai idan ta kunnu a wajen ruwa, don haka a cire mata batir ko ƙwan kafin a shirya ta, a kuma sanar da kamfanin. Wuƙar nutso kuma a jakar ƙasa take, in ka manta da ita a jakar hannu ka yi sadaka da ita.

Wasu kamfanoni suna ba da ƙarin kilo ga kayan wasanni, wasu kuma a cikin kilon da ka saba suke lissafa su. Ka tambaya kafin ka yanki tikiti, ka sa a rubuta maka, don a gaban kanta maganar baki ba ta da amfani. In ka san za ka wuce, sayi ƙarin kilo tun kafin ranar tafiya, yawanci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka mallaki ɗan sikelin rataya na hannu, kuɗinsa bai kai na kilo ɗaya na eksas ba. Kuma a shanya rigar roba ta bushe sarai, don jiƙaƙƙiya ruwa za ka biya wa kuɗin jirgi. Tun ran gini ran zane.

In kaya suka ɓata fa? Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade abin da kamfani zai biya, kuma a yanzu wajen dala 2,000 ne ga fasinja ɗaya, komai yawan jakunkunansa. Kayan nutso masu kyau suna iya fin haka. Ka ajiye rasit, ka ɗauki hoton kayan kafin ka rufe jaka. In ta zo a fashe, ka cika takardar koke tun ba ka fita daga filin jirgi ba, don kwana 7 kawai kake da su na kai ƙara a rubuce.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, iyaye ku saurara. Jikin wanda ya yi nutso shi ma yana da ƙa'ida. A ƙarƙashin ruwa iskar naitirojin tana taruwa a jini, a cikin jirgi kuma nauyin iska yana raguwa kamar ka hau dutse mai tsawon mita 2,000. Sai iskar ta taso a jini kamar an buɗe kwalbar lemo, ta kawo ciwon gaɓoɓi, mutuwar jiki, har da rasa rai. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa ko kwanaki a jere. Ni shawarata ga yaranmu su bar kwana guda cur, su yi amfani da shi wajen shanya kaya da aunawa.

A kasuwa mun saba da "alhaji rage mini", amma ma'aikaciyar kanta lamba take karantawa, kuma ba ita ta kafa dokar ba. A yi lissafi a gida, a je filin jirgi da kwanciyar hankali. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.